Me Ya Sa Rubutun Maka Ke Ɓacewa a Lambu? Yadda Ake Sa wa Shuka Alamar da Za Ta Kai Girbi

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, idan ruwa ya janye daga fadamar da ta miƙe tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, sai ƙarar injinan ban-ruwa ta cika gefen gulbi. Lokacin ne masu lambu ke gyara komaye, su zuba irin tumatir da albasa da tattasai da latas. Daga cikinsu akwai matasa da dama da ke shiga noman rani da waya a aljihu da kuma ƙunshin iri kala uku ko huɗu da suka sayo a shago, wasu ma sun fara jin sunan irin ne a YouTube ko TikTok. Matashi zai zuba kowane iri a kominsa, ya yanko ɓallin roba, ya rubuta sunan da baƙar maka irin wadda aka rubuta a jikinta cewa ba ta gogewa, ya soke a gefe. Bayan sati biyar ko shida ya zo dashe, sai ya tarar da robar fara fat, ko kuma da wani ɗan dishi-dishin ruwan ƙasa da ba ya karantuwa.

Abin kamar wasa ne, amma kuɗi ne ke tafiya. Tumatir UC82B da Roma VF da irin haɗi mai alamar F1, duk kamarsu ɗaya suna da ganye huɗu. Haka tattasai da attaruhu, wanda a Kebbi aka fi kira tarugu, ba kowa ke iya raba su a wurin raino ba. Idan alama ta goge, mai lambu ba zai san wanne iri ne ya fi jure zafi ba, ko wanne ne ya fi cika kwando, don haka kuɗin da ya kashe wajen gwaji ya tafi a banza. Mafi muni shi ne ya ɗebi iri daga tumatir ɗin da ya fi kyau don shuka baɗi, alhali irin haɗi ne. 'Ya'yan F1 ba sa maimaita halin uwarsu: wasu su fito ƙanana, wasu su ƙi yin yabanya mai kyau. Kuskuren da aka yi a Disamba sai bayan shekara guda za a ga sakamakonsa.

Dattijon da ya shekara talatin yana shuka irin albasar da yake ajiyewa da kansa ba ya buƙatar alama, komai na kansa. Amma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, sunayen iri irin su FARO 44 da FARO 52 suka zama maganar yau da kullum a fadama. Wanda ke shuka iri mai suna da lamba dole ya nemi hanyar riƙe sunan da lambar har girbi.

Rana ce ke cin rubutun, ba ruwa ba

Yawancin mutane ruwan ban-ruwa suke zargi. Gaskiya maka mai suna ba-ta-gogewa tana jure ruwa sosai, abin da aka yi ta dominsa ke nan. Abin da ba ta jurewa shi ne hasken rana. Tawadar irin wannan maka rini ce da aka narkar cikin sinadari mai saurin bushewa. A cikin hasken rana kuwa akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, shi ne ke karya ƙwayoyin rinin ɗaya bayan ɗaya har launin ya mutu. Shi ne dai ke koɗar da atamfar da aka manta a kan igiya, da fostar 'yan siyasa da ke komawa shuɗi-shuɗi bayan zaɓe. A ɗaki rubutun maka zai yi shekaru. A fadamar Kebbi, inda sama ke buɗe wata da watanni, zafi kuma ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, makonni kawai yake yi. Jar maka da shuɗiya sun fi baƙa saurin mutuwa.

Akwai wata tawadar daban wadda ba rini ba ce, garin launi ne mai ƙwayoyi da ba sa narkewa, ana haɗa shi da wani abu mai danƙo don ya manne. Sarkin wannan rukuni shi ne baƙin kabon, wato dangin gawayi da zunubin tukunya. Rana ba ta iya masa komai. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi: tawadar allo gawayi ce da ƙaro. Allo zai wuni a rana, rubutu na nan baƙi wuluk. Amma da an zuba ruwa sai ya wanke, domin ƙaro na narkewa, kuma da gangan aka yi haka don a wanke a sake rubutu. To a nan ake gane cewa abu biyu ne ke riƙe rubutu. Launin shi ke fama da rana, danƙon kuma shi ke fama da ruwa. Maka ta ci jarrabawar ruwa ta faɗi ta rana, tawadar allo ta ci ta rana ta faɗi ta ruwa.

Abin da ya ci duka biyun, kuma ya fi komai araha, shi ne fensirin 'yan firamare. Bakin fensir girafait ne, shi ma kabon ne, ba ya koɗewa, ba ya narkewa a ruwa. Matsalarsa ɗaya, ba ya kama roba mai santsi. Sai an ɗan goge wurin da sanfefa ko da yashi har ya yi kaushi, sannan a rubuta da fensir mai laushi kamar 2B, wanda ya fi HB baƙi. Hannu ko shafar ƙasa na iya dusashe shi, amma rana ba za ta taɓa shi ba. Bayan fensir sai alƙalamin fenti, wanda ake girgizawa a ji ƙwallo na ƙara a ciki kafin a rubuta, irin wanda masu gyaran mota da masu walda ke amfani da shi. Shi fenti ne na gaske a cikin bututu, kuma baƙi ko fari sun fi sauran launuka daɗewa. Guntun fentin mai da ya rage bayan fentin ƙofa, da ɗan tsinke, shi ma ya isa.

Akwai dabaru biyu da ba sa cin ko kwabo. Na farko a rubuta sau biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasan alamar, ɓangaren da za a binne. Idan na sama ya mutu, a zaro a karanta na ƙasa, wanda rana ba ta gani ba. Na biyu a juya fuskar rubutun ta kalli arewa. Birnin Kebbi da Argungu na tsakanin digiri 12 da 13 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga Nuwamba zuwa Maris rana ta kudu take karkata da tsakar rana, fuskar da ke kallon arewa tana cikin inuwar kanta. Manhajar kamfas da ke cikin waya za ta nuna arewa, wanda ya san gabas kuma ba ya ma buƙatarta. Iskar hunturu za ta watsa wa fuskar ƙura, amma ƙura hurewa ake yi.

Tarkon ƙaramar firinta

A nan ne mai son na'ura ya fi faɗawa. Kasuwannin intanet cike suke da ƙananan firintocin sitika masu haɗuwa da waya ta Bluetooth, irin su Niimbot da Phomemo. Suna da kyau, ba sa buƙatar tawada, mutum ya tsara rubutu a manhaja ya danna, sitika ta fito tsaf. Ga kwalaben yaji a kicin ko kayan shago, ba laifi. Ga lambu kuwa asarar kuɗi ce.

Dalilin da ya sa ba sa buƙatar tawada shi ne takardar ce ke ɗauke da sinadarin da ke yin baƙi idan ya ji zafi. Kan firintar na ɗumama wuraren da ake son rubutu ne kawai. Wato ita ce dai takardar rasit ɗin POS. Duk wanda ya taɓa ajiye rasit a aljihu na wata biyu ya ga yadda rubutun ke tafiya, wanda ya bar shi a gaban mota cikin rana kuma ya ga yadda takardar ke yin duhu. Sinadarin ba ya mutuwa bayan an buga, yana nan yana jiran zafi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ja farce da sauri a kan farar sitikar. Idan ta bar baƙin layi, takardar zafi ce, ba ta lambu ba ce.

Akwai wata fasahar da ke kama da ita a suna amma ta bambanta, inda zafi ke narkar da launi daga wani siririn kirtani ya manna shi a jikin roba. Na'urorin Brother P-touch masu tef ɗin TZe haka suke aiki, kuma suna rufe rubutun da leda mai haske a sama, ya zama yana tsakiya. Wannan na jure rana da ruwa na tsawon lokaci, musamman baƙin rubutu a kan fari ko rawaya. Sai dai na'urar da tef ɗin duk suna da tsada, kuma kafin a saya ya kamata a san inda za a riƙa samun tef idan ya ƙare.

Wanda zai je shagon buga takardu ya tambayi irin firintar da suke da ita. Firintar laza na amfani da garin roba mai kabon da zafi ke narkarwa a kan takarda, baƙinta na daɗewa. Firintar tawada mai ruwa kuwa galibi rini ce, labarinta ɗaya da na maka. Idan za a yi laminatin, a bar gefe mai faɗi, a huda ramin ɗauri a gefen ledar, kada a huda ta cikin takardar, domin ta nan danshi ke shiga ya kumbura ta.

Gwangwanin lemo da mataccen biro

Rubutun da ya fi kowanne daɗewa shi ne wanda babu tawada a cikinsa kwata-kwata. A samo gwangwanin lemo ko na maltina, a yanke samansa da ƙasansa da almakashi, a buɗe shi ya zama falle, a yanka shi tsiri-tsiri kamar faɗin yatsu biyu. A ɗora a kan kwali ko tsohon silifa, a danna rubutu da biron da tawadarsa ta ƙare. Harafin na nutsewa cikin ƙarfen. Babu launin da rana za ta ci, babu danƙon da ruwa zai narkar. Idan laka ta rufe shi, a wanke, rubutu na nan.

Dole ya zama alminiyom. Gwangwanin tumatirin miya da na madara ƙarfe ne mai tsatsa, kafin rani ya ƙare ya zama ja. A gwada da maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne: idan ya kama, a ajiye shi gefe. Bakin gwangwanin da aka yanka yana da kaifi kamar reza, don haka a lanƙwasa gefunan ciki kafin a kai lambun da yara ke shiga ba takalmi. Wanda ke son abu mai kauri ya nemi guntayen kwanon rufi na alminiyom a wurin masu rufin gini, a buga lambar da ƙusa da guduma, ɗigo-ɗigo.

Sai abin da za a ɗaura alamar a jiki, wanda shi ma yana da nasa maƙiyan. Katako mara ƙarfi abincin gara ne. Siririyar roba, kamar ta kofin yogot, rana na busar da ita ta riƙa karyewa kamar ƙanzo. Rodi ba ya jin rana ko gara, amma 'yan jari-bola sun san darajarsa, kuma lambun fadama ba shi da ƙofa. Guntun farin bututun ruwa na PVC, ko ɓallin tsohon bokitin fenti, ko sandar dogon yaro da gara ba ta cika so ba, sun fi zama lafiya. A dasa a kusurwa ɗaya a kowane komi, can gefen da tiyo da ƙafar mai ban-ruwa ba sa bi. Idan a jikin bishiya ne, mangwaro ko gwaiba ko lemo, a bar ɗaurin da sako-sako, domin reshe na ƙara kauri, igiyar ƙarfe kuma na shaƙe shi.

Lamba a ƙasa, bayani a waya

Danna dogon rubutu a jikin gwangwani na gajiyar da hannu, kuma ba a buƙatarsa. Alamar lamba kawai za ta ɗauka, sauran bayani aikin waya ne. Manyan lambunan binciken tsirrai haka suke yi. A lambun Kew da ke Landan, kowace shuka tana da lambar rajista da ke farawa da shekarar da ta shigo, tarihinta kuma yana cikin kwamfuta. Mai komi goma sha biyu a Argungu zai iya kwaikwayon wannan da abu kamar 25-B3, wato shekarar 2025, layin B, komi na uku. A ja layi a ƙarƙashin 6 da 9 don kada alama ta juye a rikice, a kuma guji haruffan O da I da ke kama da 0 da 1.

A cikin waya, Google Sheets ya isa. Yana da zaɓin ajiye fayil don buɗewa ba tare da data ba, abin da ke da amfani a cikin fadama inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Kowace lamba ta samu layinta: sunan iri, inda aka saya, lambar da ke jikin ƙunshin, ranar zubawa, ranar dashe, takin da aka sa, ranar feshi da sunan maganin, sai kwanduna nawa aka cire. Gurbin feshi ya fi sauran muhimmanci. Kowane maganin ƙwari na da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa da ya kamata a jira tsakanin feshi da girbi. Latas ɗanye ake ci, alayyafo kuma ana yanka shi akai-akai. Mai lambun da ba ya iya tantance komin da aka fesa ranar Talata da wanda aka fesa makonni biyu da suka wuce, yana iya kai wa mutane guba kasuwa ba da niyya ba. Rajistar na kuma tuna wa mutum abin da ya shuka bara a kowane wuri. Tumatir da tattasai da tarugu da gauta dangi ɗaya ne, cututtukan ƙasa ɗaya ke kama su, don haka ba a son a jera su shekara bayan shekara a komi guda.

Wanda jadawali ke ba shi ciwon kai yana da WhatsApp. Ana iya aika wa kai saƙo, ko a buɗe zaure na mutanen gida masu aiki a lambun. A ɗauki hoton komi tare da alamarsa, a rubuta lambar a ƙasan hoton. Duk ranar da aka nemi 25-B3 a wurin bincike, tarihin komin zai fito a jere da kwanan wata. Saƙon murya na da sauƙi ga mai laka a hannu, amma bincike ba ya jin murya, don haka a bi shi da lambar a rubuce. A kuma sani WhatsApp na rage ingancin hoto, yana cire bayanin wurin da aka ɗauke shi, sai dai idan an tura shi a matsayin fayil.

Al'adar soke ƙunshin iri a kan tsinke ita ma a bar ta. Ƙunshin na koɗewa, iska na ɗauke shi, akuya na tauna shi. A ɗauki hotonsa gaba da baya tun kafin a yage, a ajiye shi kansa a gida. Wasu ƙunshin na ɗauke da tambarin SEEDCODEX na hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, wanda ake kankarewa a tura lambar ta saƙon tes don tabbatar da cewa irin ba jabu ba ne. Idan iri ya ƙi tsirowa, wannan hoton da lambar ƙunshin su ne hujjar mai lambu a gaban mai shago.

QR da NFC da GPS: wanne ya cancanci wahala?

Tambarin QR shi ne ke fara zuwa ran kowa. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro shi a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota, kuma an gina shi da juriya: a mataki mafi girma, wanda ake kira H, ana iya karanta shi ko da kusan kashi 30 cikin 100 ya lalace. Yana iya ɗaukar rubutu tsagwaronsa, wanda waya za ta nuna ba tare da intanet ba, kuma gajeren rubutu na ba da manyan ɗigogi masu sauƙin karantawa. Abin lura shi ne wasu shafukan da ke yin QR kyauta suna ba da irin wanda ke bi ta adireshin kamfaninsu, idan wa'adin gwaji ya ƙare sai su rufe shi har a biya. A zaɓi wanda bayanin ke cikin tambarin kansa. Amma duk da haka QR ba a danna shi da biro, sai an buga, wato an koma matsalar tawada ke nan. Ya dace da mai sayar da dashen itatuwa da ke son mai saye ya karanta bayani, ko gonar gwaji ta makaranta mai ɗaruruwan layuka. Ga komi goma, kashe sauro ne da taɓarya.

NFC ya fi burgewa. Ɗan ƙaramin guntu ne mara batir, wayar ce ke ba shi wuta idan ta matso kusa da shi da 'yan santimita. Nau'in NTAG213 na ɗaukar bayit 144, wanda ya ishi suna da kwanan wata, kuma ana iya sake rubuta shi da manhaja kamar NFC Tools. Wanda aka rufe cikin roba kamar maƙalin makulli ba ruwansa da ruwa ko koɗewa. Sai dai ba ya aiki idan an manna shi a jikin ƙarfe, in ba nau'in da aka yi don haka ba, kuma wayoyi masu araha da yawa ba su da NFC. A duba saitin waya kafin a yi oda. Sannan ƙanen da aka aika ban-ruwa da ƙaramar waya mai maɓalli ba zai iya karanta komai ba, alhali 25-B3 a jikin gwangwani kowa na gani.

GPS kuwa ba ya wannan aikin. A fili mai buɗaɗɗiyar sama, wayar hannu na iya kuskure da kusan mita 5, komi kuma bai fi mita ɗaya ko biyu ba a faɗi. Zai kai baƙo gona, ba zai raba komin Roma da na UC82B ba. Haka Google Lens da PlantNet. Suna iya cewa wannan tumatir ne, wancan kuɓewa ce, Plantix kuma na taimakawa wajen gane cuta a ganye, amma babu wanda zai faɗi sunan irin daga hoton ɗan tsiro. Bayanin da ba a ajiye ranar shuka ba, kyamara ba ta dawo da shi.

Saura maganar ruwa, wanda a wannan kwari ba baƙo ba ne. Fadama kowace damina tana cika, wasu shekarun kuma, kamar 2020 da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, ruwan na wuce iyaka ya share har kunyoyi. Alamar gwangwani ba ta goge ba, amma tana iya tafiya da ruwa ko ta nutse a laka. Saboda haka a tsince alamomin bayan girbin ƙarshe a zuba a leda, a kuma zana taswirar lambun a takarda tun farkon rani, ana aunawa daga abin da ba ya motsi, kamar rijiyar burtsatse ko wata babbar bishiya. A ɗauki hoton taswirar. Ita ma wayar tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta, don haka a tabbatar jadawalin da hotunan na hawa Google Drive, wanda ke ba da gigabayit 15 kyauta. Jadawalin lambu ko na shekara goma ne ba zai ci wani abin kirki a ciki ba, hotuna da bidiyon WhatsApp ne ke cika wurin.

Kayan da ke kasuwa sun bambanta, akwai alƙalamin fenti na jabu da ba shi da maraba da maka. Wanda ke son tabbatarwa kafin ya dogara da wani abu, ya yi gwaji a Satumba ko farkon Oktoba, kafin a fara zuba iri. Ya rubuta lamba ɗaya da maka, da fensir, da fenti, da sitikar firinta idan yana da ita, ya danna ta kuma a gwangwani. Ya ɗaure su duka a kan rufin kwano suna kallon sama, ya ajiye kwafin kowanne a cikin durowa don kwatantawa. Kowace Juma'a ya watsa musu ruwa, ya ɗauki hoto daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Zafin saman kwano ya fi na gefen komi, don haka bambanci na saurin fitowa. Zuwa sati na huɗu, idan ya jera hotunan a fuskar waya, zai ga wanda zai sayo da yawa da wanda zai mayar kicin.